Kafin A Sayar Da Gona Don Sayen Biza

A ƙarshen kakar bana na bi hanyar Kano zuwa Jos domin ta'aziyya a wani ƙauye da ke bakin dajin Falgore. Bayan an shafa fatiha sai wani dattijo, aminin mahaifina, ya ja ni gefe ya zaro wata takarda daga aljihu, ya ce: "Malam, kai ka san Turanci, duba mini wannan." Takarda ce da wani ejan ya ba ɗansa, wai shaidar cewa wani kamfani a Ingila ya ɗauki nauyinsa zai yi aikin kula da tsofaffi. Sun biya rabin kuɗi, saura kuma sai an sayar da fadamar shinkafa. Na ce: "Baba, a dakata da maganar fadama." Dalilina shi ne tun ranar 22 ga Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta rufe ƙofar ɗauko masu wannan aiki daga ƙasashen waje. Wato an sayar masa da mabuɗin ɗakin da aka riga aka toshe ƙofarsa.

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, kalmomi nake fara dubawa, domin a cikinsu ake ɓoye tarko. Iyayenmu sun san cirani, wato cin rani: mutum ya gama girbi ya tafi nema, da ruwan fari ya dawo gonarsa. Gonar ita ce jarinsa, ita ce kuma madogararsa. Har ila yau wannan yanki ya san baƙi masu neman aiki, domin a zamanin haƙar kuza mutane daga nesa suka riƙa kwarara Riruwai, haka kuma lokacin gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970. Saboda haka fita nema ba abin kunya ba ne a Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa. Abin da ya sauya shi ne, ɗan cirani na yau gonar yake fara cinyewa kafin ya ga aikin.

Kalma ta biyu ita ce kafala. A Larabci asalinta lamuni ne da ɗaukar nauyi, kamar yadda ake cewa kafalar maraya. Amma a kasuwar ƙwadago ta Saudiyya ma'anarta ta koma ɗaure izinin zaman ma'aikaci, wato igama, a hannun kafilinsa. Gaskiya ne a Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta dokar, ta ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki bisa wasu sharuɗɗa. Sai dai wannan gyara bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya da ma'aikatan gona ba, alhali nan ne akasarin mutanenmu suke faɗawa. Wanda ya bar gidan kafilinsa ba izini, ana iya kai ƙararsa cewa ya gudu, daga nan ya zama abin farauta har sai an tsare shi a Shumaisi an tiso ƙeyarsa gida. Bizar Umara kuwa ba ta halatta aiki, komai daɗin bakin ejan.

Turawa ba su kira nasu tsarin kafala ba, amma ɗan'uwansa ne. A Birtaniya ma bizar ma'aikaci tana rataye da kamfanin da ya ɗauko shi. In kamfanin ya rasa lasisinsa, bisa al'ada kwana 60 ake ba ma'aikaci ya sami wani, ko ya tattara ya fita. Mafi ƙarancin albashin da ake nema ga ƙwararru ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a shekara a Afrilun 2024, ya sake hawa zuwa 41,700 a Yulin 2025. Abu biyu ya kamata kowane ɗan boko ya sanar da danginsa. Na farko, sunayen kamfanonin da ke da lasisin ɗauko ma'aikata suna shafin intanet na gwamnatin ƙasar, kuma dubawa kyauta ne. Na biyu, takardar ɗaukar nauyi ba haja ba ce. Mai ba da aiki ne ke biyan kuɗinta. A Saudiyya ma dokar ƙwadago kan mai ba da aiki ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama. Duk wanda ya ce ka kawo miliyoyi ya sayar maka da aiki, to, ka san da lauje cikin naɗi.

Saura hanyar aure. Mu a Kano ba baƙi ba ne ga abin da ake kira auren biza, inda mace kan ɗaura aure na takarda kawai don ta sami muharrami. Ba mu manta da Satumbar 2012 ba, lokacin da aka tsare ɗaruruwan mata alhazan Nijeriya a Jidda da Madina kan batun muharrami, aka dawo da da yawa daga cikinsu. Wanda ya yi aure na gaskiya ma yana da tsaunin hawa. Daga Afrilun 2024, mazaunin Birtaniya da ke son ɗauko matarsa sai ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara, maimakon 18,600. Dole ma'auratan biyu su kai shekara 18, kuma mace ɗaya kaɗai za a bari ya kawo ko da huɗu gare shi. Daga Janairun 2024 an hana mafi yawan ɗalibai tafiya da iyali. A Saudiyya kuwa, harajin da aka fara karɓa a 2017 kan kowane mutum da baƙo ke riƙe da shi, riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020. Ga kuma matsalarmu ta gida: aurenmu na ƙauye waliyyi da shaidu da goro ne, ofishin jakadanci kuwa takarda yake tambaya.

Ba na cewa kowa ya zauna gida. Likita ko injiniya ko malamin da ya sami aiki kai-tsaye daga asibiti ko jami'a, ya karanta yarjejeniyarsa ya gamsu, Allah Ya ba da sa'a. Kukana a kan mu ne, 'yan bokon da muka san waɗannan ƙa'idoji muka bar su a Turanci da Larabci. Ya kamata Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta riƙa bayyana sunayen ejan-ejan masu lasisi da Hausa a gidajen rediyo. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa tun 2003, ta fito daga birni ta shiga kasuwannin ƙauye irin Kwanar Ɗangora. Hakimai da dagatai, waɗanda ake cinikin gona da saninsu, su riƙa tambayar dalili. Limamai kuma su faɗa wa jama'a cewa aure ba tikitin jirgi ba ne.

Shi dai dattijon nan bai sayar da fadamarsa ba, amma abin da ya riga ya biya har yau ana jeka-ka-dawo. Nawa ne irinsa waɗanda ba su sami mai duba musu takarda ba? Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma tsare mana matasanmu a duk inda suka sa gaba.