Zamfara: Noma ba zai zama abin alfahari ba sai an kashe kuɗi a kan bincike

Taken jihar Zamfara yana cewa noma shi ne abin alfaharinta. Amma duk wanda ya san Gusau lokacin da masaƙarta ke aiki, ana gurzar auduga, jirgin ƙasa yana kwasar kaya daga Ƙauran Namoda, ya san an yi baya. Manomin Tsafe da na Bungudu suna noma, amma ribar sarrafa amfanin gonarsu wasu ke ci.

Rashin tsaro na cikin dalilai, babu mai musu. Sai dai akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: ba ma kashe kuɗi a kan bincike.

Ƙasar Holan girmanta bai wuce na Zamfara da yawa ba, amma tana sahun gaba a duniya wajen fitar da kayan noma, saboda ta haɗa manoma da kamfanoni da jami'ar Wageningen wuri guda. Koriya ta Kudu, wadda talauci ya yi wa katutu a shekarun 1960, yau tana zuba kusan kashi 5 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara a kan bincike. Tarayyar Afirka kashi 1 kacal ta nema daga ƙasashenta, Nijeriya ko rabinsa ba ta kai ba.

Mu ma mun ga amfanin bincike a gida. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ce ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T a 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta cin sa, ya rage wa manomi yawan feshi. Mun kuma ga illar rashin sani: a 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum.

Wuraren yin aikin suna nan. Akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda, da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe. Abin da ya rage shi ne a ba su kuɗi, a kuma ba su tambayoyin da za su amsa: wane irin auduga ya dace da ƙasarmu? Yaya za a tace zinariya ba tare da an sa wa yara guba ba?

Muna kira ga gwamnatin jiha ta ware kaso tsayayye a kasafin kuɗi don irin wannan bincike, ta kuma bayyana wa jama'a inda ya shiga. Malamai su nemi tallafin TETFund, su kai sakamakon gona, kada ya ƙare a kan kanta. 'Yan kasuwar Gusau su ma su sa hannu. Bincike ba ya ba da riba a damina ɗaya, amma wanda bai shuka ba, ba shi da abin girbi.