Ruwan ƙwarya ɗaya ba ya wanke hannu goma

Hutun Kirsimeti yana zuwa ne a tsakiyar hunturu. A Kolokonde, cikin ƙasar Jugu a arewacin Benin, gidaje suna cika da baƙi. Ƴan uwa suna tahowa daga Jugu, waɗansu ma tun daga Paraku. Ana daka sakwara, ana dafa shinkafa, ana yanka zabi. Mutum goma suna iya kewaye akushi ɗaya.

Kafin a fara ci, akan kawo ruwa a ƙwarya ɗaya. Mai gida ya tsoma hannu, baƙi su tsoma, sannan samari. Ƙaramin yaro shi ne na ƙarshe. Kowa yana ganin an yi tsabta. Niyyar tana da kyau, amma al'adar tana bukatar gyara.

Hannu yana yawo fiye da ƙafa. Wani baƙo ya biyo ta kasuwar shanu ta Kolokonde, ya riƙe igiya, ya ƙirga kuɗi, ya gaisa da mutane da yawa. Wani ya fito daga makewayi. Wata yarinya ta wanke wa ƙanenta kashi. Ƙwayoyin cutar zawo, da kwalara, da taifot suna fitowa daga kashi, su maƙale a yatsu da ƙarƙashin farce. Ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya tsoma hannu a ƙwaryar ya bar nasa a ciki. Yaron da ya zo ƙarshe shi ne ya kwashe na kowa, alhali jikinsa ne ya fi rauni. Zawo yana cikin cututtukan da suka fi kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 a duniya.

A shekarar 1847, a wani asibiti na birnin Biyana, likita Semmelweis ya sa likitoci su riƙa wanke hannu kafin su taɓa masu haihuwa. Cikin ƴan watanni mace-macen matan suka ragu ƙwarai.

Wani ɗan lakwal mai wayo zai ce: ai a Linjilar Markus, sura 7, Farisawa sun zargi almajiran Yesu don sun ci abinci ba su wanke hannu ba, Yesu kuwa ya kāre su. Haka ne. Amma can ana maganar tsarkin zuciya ne a gaban Allah, ba maganar ciwon ciki ba. Kada malalaci ya ɓuya bayan wannan sura! Ya buɗe Linjilar Yohanna, sura 13. Can Yesu da kansa ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa. Babba ne ya yi aikin bara. Yaron da ya ɗauki buta ya zuba wa baƙi ruwa yana bin sawunsa, yana kuma ƙaunar maƙwabcinsa, tun da akushinsu ɗaya. Maƙwabta Musulmi da aka gayyato su ma sun san darajar buta.

Ba aikin yaro ba ne ya yi wa manya faɗa. Ya isa ya zo da buta da sabulu da daro, ya durƙusa ya ce: « Baba, ga ruwa. » Ya zuba kaɗan, a jiƙa hannu biyu, ba na dama kaɗai ba. A goga sabulu a tafi da bayan hannu da tsakanin yatsu, har a ƙirga 20 a hankali. Ya sake zubawa a ɗauraye. In babu sabulu, toka mai tsabta ta fi ruwa zalla. Kada a goge da tsumma ɗaya: iskar hunturu za ta busar da hannu nan da nan.

In sanyin safiya ya hana, a ɗan ɗumama ruwan. Haka za a yi bayan makewayi, da kafin a ba jariri abinci. Ruwan da ya taru a daro kuma a zubar da shi nesa da rijiya, inda ƙanana ba sa wasa.