Waiwaye: Kuɗin Saye Daban, Kuɗin Riƙo Daban

Ranar 13 ga Nuwamba, 2023, a zauren gwanjo na Sotheby's da ke York Avenue a Manhattan, aka buga guduma a kan wata jar Ferrari ƙirar 1962, irin wadda ake kira 250 GTO. Dala miliyan 51.7 aka biya, har da la'ada. Kafin gari ya waye hoton motar ya zaga wayoyin mutanenmu na Bronx da Harlem, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan zangon Gana. Lissafin ne ya fi jan hankalin kowa: mai ita, wani attajiri daga jihar Ohio, ya saye ta a 1985 a kan kimanin dala 500,000. Ninki ɗari ke nan. Tun daga lokacin ba na rasa matashin da zai tare ni bayan sallar Juma'a da hoton tsohuwar Alfa Romeo ko Fiat ko Maserati a wayarsa, yana tambaya ko ya saya. Saboda su nake wannan waiwaye.

Ina son motocin nan, kuma ba na ganin laifin wanda ya so su. Birnin nan na New York ma shi ne ƙofar da suka bi suka shigo Amurka. Luigi Chinetti, haifaffen Italiya, ya zo ƙasar a 1940 tare da wata tawagar tseren mota, yaƙi ya hana shi komawa, ya zauna a New York. A 1949 ya ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da Ferrari, kusan shi kaɗai a sitiyari, ya dawo Manhattan ya zama wakilin Enzo Ferrari, mai kamfanin Ferrari, a Amurka. Sai Max Hoffman, mutumin Ostiriya, wanda shagonsa na Park Avenue mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ne ya zana shi. Shi ya matsa wa kamfanin Alfa Romeo har suka ƙera Giulietta Spider a 1955, ƙaramar mota mai buɗaɗɗen sama, domin ya san masu kuɗin Amurka za su saya. Daga baya fim ɗin The Graduate na 1967 ya sa Alfa Spider a zukatan matasa, shirin talabijin na Magnum kuma ya yi wa Ferrari 308 irin haka a shekarun 1980. Duk wanda ya taɓa jin kukan injin ɗaya daga cikinsu da sassafe a titin da ba kowa, ya san dalilin da ya sa mutum mai hankali yake rasa hankalinsa a kansu.

Sai dai labarin gwanjon yana ɓoye abubuwa. Irin wannan GTO guda 36 kacal aka ƙera, kuma wadda aka sayar a York Avenue kamfanin Ferrari ne da kansa ya yi tsere da ita a 1962. Duk da haka ba ta kai abin da aka yi tsammani ba, don masu gwanjon sun sa ran za ta haura miliyan 60. Mai ita ya riƙe ta shekara 38, yana biyan wurin ajiya da inshora da ƙwararrun makanikai, ba tare da wata larura ta tilasta masa sayarwa ba. Farashin nan kuma ba sama kaɗai yake zuwa ba. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a watan Agustan 1988 kasuwa ta yi tashin gwauron zabi, har wani ɗan Japan ya biya fiye da dala miliyan 13 a kan GTO a 1989. Zuwa 1994 irinta ta faɗo ƙasa da miliyan 4. Waɗanda suka ci bashin banki suka shiga a lokacin, da yawa sun fita da hawaye. Ita kuwa Alfa Spider da matasanmu ke nuna mini, an yi ta ƙera ta daga 1966 har 1993, fiye da guda 100,000. Abin da yake da yawa haka ba ya ninkawa ɗari.

Shekarun baya wani ƙanena a zumunci, mutumin Maraɗi, direban Uber mai ƙoƙari, ya kira ni murya cike da murna. Ya samu Alfa Spider ƙirar tsakiyar shekarun 1980 a wajen wani mutum a Long Island, ja kamar gauta, a farashin da bai kai na tsohuwar Camry ba.

“Yaya, wallahi mai ita ya ce ba ta taɓa ba shi matsala ba. Kuma kullum tsada suke ƙarawa.”

“Ƙanena, a ina za ta kwana?”

“A ƙofar gida mana, kamar ta kowa.”

Ya riga ya ba da kafin alƙalami, don haka sai addu'a. Makonnin farko kuwa ya ji daɗinta, ba zan ɓoye ba. Na shiga sau da dama, muka bi hanyar bakin kogin Hudson, sama a buɗe, yara na ɗaga mana hannu. Ban taɓa ganin fuskarsa da annuri irin na lokacin ba, mutumin da yake awa goma sha biyu a rana yana kai wasu inda suke so.

Matsala ta fara ne daga inshora. Kamfanonin da ke yi wa tsofaffin motoci inshora mai rahusa, bisa ƙimar da aka yi yarjejeniya a kanta, galibi suna son a nuna musu rufaffen gareji da kuma wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum. Shi ba shi da gareji, sai ya koma inshorar gama-gari a farashin Bronx, wanda duk mai mota a nan ya san ɗacinsa. Sai dokar sharar titi, wadda ke tilasta maka kawar da mota daga gefe guda a ranakun da aka ƙayyade, ko ka samu takardar tara a gilashi. Tsohuwar motar da ta kwana uku cikin sanyi ba kullum take tashi ba idan an murza makulli. Giya ta biyu ta fara ƙara, ciwon da aka san waɗannan motoci da shi. Baƙin mai ya fara ɗiga. Da makanike ya ɗaga ta sama, sai ga abin da jan fentin ya rufe: tsatsa ta cinye ƙasan bodin, an cike ramukan da ƙwaɓi an fesa fenti a kai. Gishirin da hukumar tsafta ke zubawa a tituna saboda dusar ƙanƙara ya ƙarasa aikin a hunturun farko. Kuɗin da mai gyaran bodi ya yanka masa ya fi kuɗin da ya sayi motar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne watan da ya jinkirta aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane saboda safaya da ya yi oda daga ƙetare. Bai faɗa mini ba, a bakin wani na ji. Bayan hunturu na biyu ya sayar da ita ga masu kwance motoci su sayar da sassa, a kan abin da bai kai rabin kuɗinsa ba.

Mu da muka tashi inda ake hawan sallah mun san wannan darasi tun kafin mu ga Ferrari. Sayen doki rana ɗaya ake yi, amma harawa da dusa da kanwa da turke da mai kula da shi, kullum ne, ko an hau ko ba a hau ba. Shi ya sa a gida ba kowane mai kuɗin sayen doki ne yake ɗaure shi ba.

To, ga harawar New York. Ranar da za ka yi rajista za ka biya harajin saye na kashi 8.875 cikin ɗari, ko da daga hannun mutum ka saya. Gareji a tsakiyar Manhattan da wuya ka samu ƙasa da dala 500 a wata, kuma harajin ajiye mota a can kashi 18.375 ne, a sauran unguwannin birnin kuma 10.375. Tun 5 ga Janairu, 2025, shiga Manhattan ƙasa da titi na 60 da rana yana cin dala 9. Man fetur ɗin da ake sayarwa a nan akwai sinadarin itanol kashi goma a cikinsa, wanda ke cin tsofaffin robobin mai ya kuma toshe kafireta idan mota ta daɗe a ajiye, alhali injin mai zafi da robar mai da ta tsage su ne mafarin gobara. Bayan duk wannan, tun Nuwamban 2014 iyakar gudu a yawancin titunan birnin mil 25 ne a awa. Motar da aka ƙera don hanyoyin duwatsun Italiya za ta ƙare tana tafasa a cunkoson babbar hanyar Cross Bronx.

Idan Ferrari ce, lissafin ya ƙara nauyi. Wajen 2010 ana samun 308 a kan kimanin dala 30,000, zuwa 2015 ta ninka fiye da biyu, kuma wannan ne ya sa mutane suka fara kallonta a matsayin jari. Amma injinta yana da bel na roba mai daidaita motsin bawul, wanda dole a canza shi bayan 'yan shekaru ko motar ba ta je ko'ina ba, domin roba tsufa take yi. Idan ya tsinke ana tafiya, inji ya tashi aiki. A 308 da 328 ana iya canza shi inji na cikin mota. A Testarossa da 348 da F355 kuwa sai an sauke injin gaba ɗaya, aikin da kan kai dala 10,000 ko fiye idan an haɗa da abubuwan da ake tararwa a ciki. Don haka idan ka ga Ferrari mai arha ƙwarai, galibi wani ne ya tsallake wannan aiki, yake neman wanda zai ɗora wa. Araha ba ta ado.

Na san wani dattijo ɗan asalin Italiya a unguwar Belmont, kusa da Arthur Avenue, mai Fiat 124 Spider da ya saya tun yana saurayi. Fiat ta bar kasuwar Amurka a 1983, Alfa Romeo ta bi ta a 1995, shi kuwa bai taɓa rasa safaya ba, don ya san inda ake nema kuma yawancin gyaran da hannunsa yake yi. Yana da ƙaramin gareji a bayan gidansa. Daga Nuwamba yake rufe ta, ba ta sake taka kwalta sai ruwan bazara ya wanke gishiri. Wata rana ya buɗe mini wata jaka da ta fi littafin ƙamus kauri: rasit na kowane juyen mai, kowace taya, kowane birki, tun shekarun 1970. Na tambaye shi nawa motar za ta yi yanzu. Ya ce bai taɓa tambaya ba, domin ba ta sayarwa ba ce, kuma ya san abin da ya kashe mata ya fi abin da za a ba shi. A ganina shi ne ya ci ribar motar Italiya a cikin duk waɗanda na sani.

Wannan jaka tasa ita ce abin da mai saye ya kamata ya fara nema, kafin ya duba fenti. Motocin da aka ƙera kafin 1981 ba su da lambar shasi mai haruffa 17, don haka rahoton tarihin mota na Carfax da muka saba dogara da shi wajen sayen motocin da muke turawa Kwatano da Legas da Tema ba zai nuna maka komai a kansu ba. Jihar New York ma ba ta ba da takardar mallaka ga ƙirar 1972 zuwa baya, sai takardar rajista da ake sauya wa suna. Ga kuma ruwa: guguwar Sandy ta 29 ga Oktoba, 2012, ta lalata motoci kimanin 250,000 a jihohin gabar teku, kuma ba duka aka kai bola ba. Ruwan gishirin teku da ya shiga wayoyin mota yakan jima kafin ya nuna kansa.

Akwai wani abu da bai kamata mu manta ba, mu da yawancinmu tuƙi ne abincinmu. A 2014 lasisin motar tasi mai ruwan ɗorawa ya haura dala miliyan ɗaya, kowa na cewa ba ya faɗuwa. Baƙi irinmu suka ci bashi mai ruwa suka saya. Cikin 'yan shekaru ya faɗo ƙasa da dala 200,000, gidaje suka tarwatse, wasu direbobi suka hallaka kansu, har sai da aka yi yajin cin abinci a gaban ofishin magajin gari a 2021 kafin a sassauta bashin. Duk lokacin da matashi ya ce mini “kullum tsada take ƙarawa”, wancan lokaci nake tunawa, kuma gabana yakan faɗi.

Saboda haka, ƙannena, wanda zuciyarsa ta kafe a kan jar mota, ba zan ce ya haƙura har abada ba. Ya fara kama gareji kafin ya fara neman mota. Ya ɗauki makaniken da ya san irin wannan ƙira, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya biya shi 'yan ɗaruruwan daloli ya ɗaga ta sama, ya auna ƙarfin inji, ya bi bodin da maganaɗisu. Idan mai mota ya ƙi yarda a duba, a yi masa sallama. Ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin saye ya ajiye don gyaran shekarar farko. Kada ya ci bashi, kada ya taɓa kuɗin adashi, kuma don Allah kada ko dala ɗaya ta fito daga abin da iyaye ke jira a gida ƙarshen wata.