Sarkin Shanu Bai Mutu a Banza Ba

Jama'ar Zango, wata magana tana yawo daga bakin tashar jirgin ruwa har Agoè-Zongo, wai Bahaushe bai taɓa ja da Nasara ba, wai kakanninmu sojan haya ne kurum. Masu faɗin haka suna da abin kafa hujja: Jamus ta ɗebi Hausawa cikin 'yan sandanta na Togo, Ingila ma ta yi haka a Ikko. Ba mu musa ba. Amma duk wanda ya tsaya nan ya danne sauran tarihi, kuma da gangan ne ko da jahilci, 'ya'yanmu ake cuta.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Kanar Morland ya iso ganuwar Kano da igwa da bindigogi masu ruwa. Sarki Alu yana Sakkwato tare da manyan mayaƙansa, ya bar gari a hannun Sarkin Shanu, bawan sarki. Da aka fasa ganuwa, jama'a suka watse, shi kuwa ya koma Gidan Rumfa da 'yan tsirarun mutanensa, ya yi yaƙi har aka kashe shi a can. Amana aka ba shi, a kanta ya faɗi. Kafin watan ya ƙare, Waziri Ahmadu ya bi sahunsa a Kwatarkwashi, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada.

Wasu masu ganin kansu wayayyu sukan ce wannan asarar rai ce, tunda Wambai Abbas da ya yi mubaya'a shi ya riƙe wa gidan Dabo sarauta, Alu kuwa a Lakwaja ya ƙare. Gaskiya ne Abbas ya tsare gadon mulki. To mutuncin gidan fa, wa ya tsare shi? Da an shiga fadar Kano kamar yadda ake shiga kango, da wane baki za mu amsa gorin da ake yi mana yau?

Mu dubi Indiya. A 1679 jarumi Durgadas Rathore ya fitar da jariri Ajit Singh, magajin Marwar, daga hannun Sarki Aurangzeb, ya yi ta gwagwarmaya har yaron ya karɓi Jodhpur a 1707. Shi ma bara ne, bai nemi gadon sarauta ba. Indiya ta sa hotonsa a kan sarki a 1988. Mu kuwa namu mun bar shi cikin duhu, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: kalmar bawa ce ke ba mu kunya. Muna kirarin mai rawani, muna kau da kai daga wanda ya mutu a ƙofarsa. Wannan butulci ne.

Yaranmu suna haddace Samori da Behanzin a makarantar boko, hakan kuwa daidai ne. Namu jarumai aikinmu ne mu koyar, a zaure da makarantar allo da wurin suna. A 1977 an rushe tsohon Zangon Lomé, aka kwashe mu zuwa bayan gari, muka sake gini. Tarihin da aka bari ya mutu a bakin dattawa ba ya sake ginuwa. Kowane uba ya gaya wa ɗansa labarin Sarkin Shanu cikin makon nan. Allah ya jiƙan mazan jiya.