Laifin Malamar Aji Uku

Wato dai wata makaranta ta ba da haƙuri. Shugabar ta rubuto wa iyaye takarda cewa "kuskuren" ba zai sake faruwa ba, an kuma ja wa malamar aji uku kunne. Laifinta shi ne wani yaro ya tambaye ta dalilin hutun 25 ga Disamba, ita kuma don tsaurin ido ta ba shi amsa: Kiristoci ne ke murnar haihuwar Annabi Isa (AS), su je coci, su dafa shinkafa da kaji, su kai wa maƙwabta. Iyakarta ke nan. Ba ta koya masa waƙar coci ba, ba ta ce ya yi bikin ba.

Kafin la'asar zauren WhatsApp na iyaye ya kama da wuta. Muftan waya suka fito, kowa da saƙon muryarsa na minti tara. Wani ya ce ana yi wa aƙidar yara zagon ƙasa, wata ta ce za ta cire 'ya'yanta. Ita ce fa wadda ke miƙa wa ɗanta waya tun daga magariba don ya bar ta ta kalli fim ɗin Indiya mai fassara, inda ake bikin Holi da Diwali a gaban gumaka, shi kuma yana can yana kallon katun ɗin tsoho mai jar hula da farin gemu yana rabon kyauta. Wannan duk bai taɓa aƙida ba. Sai jimla uku daga bakin malama Musulma mai hijabi har ƙasa.

Ina so muftan nan su gaya mini inda suka samo cewa tambaya haramun ce. Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar da Yahudawa suna azumin Ashura, ya tambaye su dalili, suka ce ranar ce Allah Ya tsirar da Annabi Musa daga Fir'auna. Ya tambaya, ya saurara. Haihuwar Annabi Isa kuwa tana cikin Suratu Maryam, sura ta 19, wadda Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta a gaban Najjashi, sarkin Habasha Kirista. Yaranmu na haddace ta a Islamiyya. Ashe haddar halal ce, sanin cewa maƙwabcinka na girmama wannan haihuwa a tasa hanyar ne kafirci?

Za a ce yaro ƙarami ne, zai rikice. Haba! Yaron da ya san 'yan wasan Arsenal da na Chelsea ɗaya bayan ɗaya bai taɓa haɗa su ba, shi ne zai kasa gane "wannan namu ne, wancan nasu"? Imanin da bayanin minti biyu zai kayar, a gida ya kamata a nemi inda ya tsage.

Gwamnati na ba da hutun Kirsimeti da na Ista, haka na Sallah biyu da Maulidi, yaro na wuni a gida bai san dalili ba. A Kaduna, tun rikicin addini na shekarar 2000, kogi ya raba gari, Musulmi sun tattara a arewa, Kirista a kudu. An haifi yara sun girma har sun yi aure ba su taɓa karɓar kwanon tuwon Sallah ko shinkafar Kirsimeti daga ƙofar maƙwabci ba. Abin da suka sani game da juna daga bakin 'yan siyasa suka ji shi.

Kada kuma 'yan ɗaya ɓangaren su yi dariya. Ban manta 2017 ba, lokacin da aka yi ta kumfar baki kan manhajar da ta tara darasin addinin Kirista da na Musulunci ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ta ihun za a musuluntar da ƙasa, namu suka mayar da martani, aka raba darussan, kowa ya koma gida yana bugun ƙirji. A cikin masu hayaniyar nan babu wanda na ji ya tambayi ko ɗan Kirista ya san abin da ya sa ake yanka rago da Babbar Sallah, alhali labarin Annabi Ibrahim na cikin littafinsa. Yaƙinsu kan jadawali ne da guraben ɗaukar malamai, kuma da suka samu, sai suka yi tsit.