Kana Barci a Gida, Lambar Babur Ɗinka Tana Yawo

'Yan uwa, yau ba maganar kujera ko takara na zo da ita ba. Maganar ɗan faifan ƙarfen nan ce mai noti biyu, wanda duk mai babur, adaidaita ko mota a Wudil ya biya kuɗinsa ya karɓa, wanda kuma ranar da ya ɓace zai iya kai mutumin kirki bayan kanta.

Duk wanda ya san Juma'ar Wudil ya san yadda babura ke jeruwa tun daga bakin gada har kara: na Garko, na Gaya, na Sumaila, na Warawa, kowa ya jingine ya shige ciniki. Sifana ɗaya da minti biyu sun isa a kwance lamba. Sitika kuwa ko sifanar ba ta buƙata, reza ta wadatar.

To me ɓarawo zai yi da lamba? Ƙarfen dai ko kuɗin koko ba zai yi ba a wajen 'yan gwangwan. Sunanka yake so. Zai ɗaura ta a babur ɗin sata ya wuce shingen jami'ai a titin Kano zuwa Maiduguri yana ɗaga musu hannu, ko ya shiga birni ƙwacen waya. Wanda aka zalunta ya yi ƙoƙari ya haddace lamba, ya ce ya ga WDL. A buɗe rajista, sunan wa za a gani? Naka. Shi ɓarawon ya riga ya kwance ta ya jefa a kogi, kai kuma kana tsugune kana rantsuwa cewa ranar kana gona. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu mu lissafa masu karɓa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ita ke buga lamba, jiha kuma ta sayar maka ta hannun hukumar tara haraji. Akwai takardun da ake sabuntawa duk shekara. Inshorar dole ta motar gida ta tashi daga N5,000 zuwa N15,000 a Janairun 2023, kuma daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tare mutane a kanta. A Yulin 2024 rundunar 'yan sanda ta ce kowa sai ya shiga wata rajista tata ta intanet a kan N5,375, sai da jama'a suka yi ca sannan aka dakatar da tilastawar. A nan gida kuma ba mu manta da Janairun 2022 ba, lokacin da 'yan adaidaita suka ajiye aiki kwana uku a kan kuɗin sabunta rajistar KAROTA, mata da ɗalibai suka dinga taka sayyada a titunan Kano, har aka sauko daga N8,000 zuwa N5,000.

Duk lokacin da aka kawo sabuwar takarda ko sabuwar sitika, waƙar ɗaya ce: wai don tsaro ne, don a gano abin hawan da aka sace. Madalla. Tambayata guda: wace ce daga cikinsu ke tsaya wa mutum ranar da aka kwance masa lamba? Wajen karɓa, kowace hukuma ta san hanyar aljihunka. Wajen kariya, sai ka ji wannan na cewa je ka wajen wancan. Ka nemo takardar 'yan sanda, ka nemo takardar rantsuwa a kotu, ka tafi ofishin lasisi, ka sake biyan kuɗin lamba kamar kai ka saci kanka. Ɗan acaɓan da sai ya fita yau gidansa ke ɗora tukunya, kwana nawa zai iya kashewa a wannan zirga-zirgar? Shi ya sa da yawa suke haƙura su yi shiru, su je a zana musu lambar a kan gwangwani. Shirun nan kuwa shi ne jarin ɓarawo, domin lambar da ba a kai rahoton ɓatanta ba, a idon hukuma tana nan a jikin babur ɗinka.

Na san masu cewa ai wannan hurumin Abuja ne. Haba malam! Da ka je karɓar lamba, Abuja ka kai kuɗin? Wasu kuma za su ce gwamnatin su wane ce ta ɓata. Ni ban damu da wanda ya fara ba. KAROTA tana nan tun 2012, gwamnatoci sun zo sun wuce a kanta, kowace ta gaji littafin rasit ta riƙe shi gam. Wanda ke kan kujera yau shi za mu tambaya, namu ne ko ba namu ba.

Sannan akwai wadda ta shafe mu kai tsaye, kuma sai na faɗa ko za a ji haushina. Wasu samarinmu suna cire lamba su maƙala hoton maigida, ko su rufe ta da sitikar jam'iyya. Wallahi wannan ba soyayya ba ce. In kowa ya rufe lambarsa da hoto, ta ina za a bambanta ɗan jam'iyya da ɗan daba? Hoton maigida yana da wuri a tanki da gilashi. Haka masu sayar da babur a hannun dillali, a tafa a rabu, babu takardar canjin mallaka. Babur ya yi hannu huɗu, suna yana nan na mutumin farko. Ranar tsautsayi shi za a ɗauko daga gida.

Abin da nake nema bai kai kuɗin taron siyasa ɗaya ba. A sakatariyar ƙaramar hukumar Wudil a ajiye tebur guda, wanda aka sace wa lamba ya zo ya rubuta a ranar, kyauta, a ba shi shaida mai kwanan wata, a kuma sanar da ofishin lasisi a toshe lambar. Wanda ya kawo wannan shaidar a yi masa rangwame wajen sabuwa. Jami'in da ya tsayar da mutum a hanya kuma ya daina tsayawa kan launin sitika, ya sunkuya ya duba lambar jikin ƙarfe da ta inji, ya gwada da takarda. FRSC ma tana da shafin da ake duba lamba ta waya. Garin da ke da Kwalejin 'Yan Sanda ta ƙasa da Jami'ar Aliko Dangote a ce ya kasa riƙe rajistar lambobin da aka sace? Abin kunya ne.

Kansilolinmu da ɗan majalisar jiha mai wakiltar Wudil, mun san ku, kun san mu. A zaman mazaɓa mai zuwa, kafin a buɗe lemo, ni zan miƙe da wannan tambayar. Shugabannin 'yan acaɓa da na adaidaita, ku zo da sunayen mutanenku da aka kwance wa lamba a bana, da ranar da abin ya faru.