Shawarar wata: in mabuɗi ya ɓace, a sake kwaɗo

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga gida. A ƙasar Rumbu, cikin gundumar Dakwaro, yanzu ne samari ke shirin tahiya cin rani. Makiyaya kuma suna bin dabbobi neman ciyawa da ruwa. Ɗakuna da yawa za su yi watanni a kulle. Saboda haka shawarar wanga wata a kan kwaɗon ƙofa take.

Ga misali. Magidanci ya kai rago kasuwar Sakabal, mabuɗin ɗakinsa ya faɗi cikin taro. Ya komo gida, ya karɓi na biyu wurin uwargida, ya ce ba komi. Bayan wata guda, buhun gero da kuɗin rago sun ɓace. Ƙofa lafiya lau, kwaɗo a kulle. To, wa za a zarga? Sai mutanen gida: mata, ko ƙane, ko ɗa. Magana ta kai gaban mai gari, zumunci ya lalace. Gero ana samun wani, amma zargi ya fi sata ciwo.

Don haka, ranar da mabuɗi ya ɓace, ranar ce ake sake kwaɗo. Haka nan in mutum ya shiga ɗakin da wani ya tashi. Kuɗin kwaɗo bai kai kuɗin ɗan akuya ba.

Cikin kwaɗo akwai ƴan ƙananan ƙarafa, kowane da nasa tsawo. Haƙoran mabuɗi ne ke ɗaga su daidai, sannan ya buɗe. Kwaɗo mai araha ƙarafansa kaɗan ne, shi ya sa wani lokaci mabuɗin wani ke buɗe na wani.

Ga abin da ya kamata a kiyaye:

1. A kasuwa, mai saye ya gwada mabuɗin wani kwaɗo irinsa. In ya buɗe, ya bar shi.

2. Sabon kwaɗo yakan zo da mabuɗi 2 ko 3. A ƙidaya su gaban mai kaya. Ɗaya wurin mai gida, ɗaya wurin mutum guda amintacce, kowa ya san ko wane ne.

3. A duba ƙarfen da ake rataya kwaɗon. In da ƙananan ƙusoshi aka kafa shi, sai a ɓamɓare shi ba a taɓa kwaɗo ba. Maƙeri ya huda ƙofar, ya sa ƙusa mai noti, notin daga cikin ɗaki.

4. Ƙofar ƙarfe mai makulli a jikinta ba sai an cire duka ba. Mai walda na iya sake wurin da mabuɗi ke shiga, ya ba da sababbin mabuɗai.

5. Ƙurar hunturu tana sa kwaɗo ya cije. Kada a zuba masa man gyaɗa, don mai yana kama rairayi. A kankare bakin fensir, a shafa garin a mabuɗi.

6. Kada a ɓoye mabuɗi bisa ƙofa ko ƙarƙashin turmi. Nan ɓarawo ke fara dubawa. A ɗaure shi da igiya a jiki.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabtansa. Allah ya tsare dukiyar kowa, ya kai matahiya lafiya, amin.